Fanken fur: karin kumallon da tururi ke tayarwa

Ƙwai 3, rabin kofi na madara, rabin kofi na fulawa, ɗan sukari, ɗan gishiri da bota. Kayan ke nan gaba ɗaya, kuma da wuya a rasa su a kantin unguwa a nan Yamai. Ana kaɗa su wuri guda, a juye cikin kasko mai zafi, a tura fur, wato tanderun gaz ko na lantarki, bayan minti 18 zuwa 20 a fito da fanke guda ɗaya mai faɗin faranti: gefensa ya miƙe sama kamar bakin ƙwarya, ya yi ja yana ƙamas-ƙamas, tsakiyarsa kuwa laushi. Ba tsayuwa gaban mai ana tsamewa ɗaya bayan ɗaya, ba jiran kwaɓi ya tashi tun asuba.

Kada sunan ya ruɗe ki, uwargida. Wannan ba fanken bakin hanya ba ne, wanda Zabarmawa ke ce wa fari masa, mai yis da ake soyawa cikin mai. Abincin baƙi ne. A Amurka suna kiran sa Dutch baby, kuma daga fanken Jamusawa ya samo asali. Mutanen Ingila suna da ɗan'uwansa, Yorkshire pudding, da suke ci da gasasshen nama da romo. A Finlan akwai pannukakku, wanda ake gasawa a faffaɗan tire a yanka gida-gida. Mu dai za mu kira shi fanken fur, tunda fur shi ne ke yin kusan dukan aikin.

Me ke tayar da shi?

Wanda ya gane wannan ya gane girkin duka. Ba a sa yis, ba a sa hodar kumbura kek, ba a sa kanwa. Kwaɓin ruwa-ruwa ne, kuma da zarar ya sauka kan kasko mai tsananin zafi sai ruwan da ke cikin madara da ƙwai ya fara komawa tururi. Ruwa in ya zama tururi yana ninka girmansa kusan sau 1,700. Tururin yana neman hanyar fita, danƙon fulawar alkama da na ƙwai suna riƙe shi suna miƙewa, har zafi ya daskarar da ƙwan, siffar ta tsaya. Gefe ne ke fara zafi, shi ya sa gefe ke hawa bangon kasko ya bar tsakiya a ƙasa.

Saboda haka abu uku ne ba a sassauci a kansu: fur ya yi zafi sosai, kasko ya yi zafi kafin a zuba kwaɓi, ƙofa ta zauna a rufe. Kusan duk fanken da ya ƙi tashi, in aka bi sawu, a ɗaya daga cikin ukun nan aka yi sake.

Kayan haɗi da awonsu

Don kasko mai faɗin santimita 25, wanda zai ishi mutum 2 zuwa 3, ki tanadi manyan ƙwan kaza 3, madara mililita 120, fulawar alkama giram 65, sukari cokalin cin abinci 1, gishiri kwatan ƙaramin cokali, da bota giram 40, wato kamar cokali 3. Don ƙamshi, ƙunshi ɗaya na sukarin banil ko ɗan kankaren gyaɗar ƙamshi. In kin sa sukarin banil ki rage ɗayan sukarin.

Rabin kofin da ake magana shi ne mililita 120, wato rabin kofin da ke ɗaukar mililita 240. Kofunan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, kofin shayi ma kowane da nasa. In ba ki da sikeli, ga hanya mai sauƙi: ki fasa ƙwan cikin kofin gilashi, ki duba inda suka tsaya, ki juye su a kwano. Ki auna madara ta kusa kai wannan layin, ƙasa da shi kaɗan. Ki goge kofin ya bushe, ki zuba fulawa da cokali har daidai inda madarar ta tsaya, kada ki danna ta. Fulawar da aka danna tana fin awo nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke sa fanke ya fito da nauyi kamar burodin da bai tashi ba.

Batun ƙwai yana son a tsaya a kansa, don shi ne ƙashin bayan abin. Ƙwan kajin gona babba yana kai giram 55 zuwa 60. Na zabi ƙarami ne, don haka da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa, ki sa 4 a madadin 3. Gwaiduwarsa tana da yawa, fanken ya kan fito da launin ɗorawa mai kyau. Ƙwan kajin gida ma 4, in ƙanana ne sosai 5. Da bazara ƙwai ba ya daɗewa. Ki tsoma shi cikin ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama ya yi iyo ki jefar. Kuma kowane ƙwai ki fasa shi a ƙaramin kofi daban kafin ki haɗa da sauran, kada ruɓaɓɓe ɗaya ya ɓata miki kwano.

Madara kowace iri tana yi. Ta gari: cokali 2 a dama da ruwa har ya kai rabin kofi. Ta gwangwani marar sukari: rabi madara, rabi ruwa. Ta shanu da aka tatso: a tafasa, a bari ta huce. Mai kaurin nan mai sukari ba ta dace ba, don zaƙinta yana ƙona fanken kafin cikinsa ya nuna. Nono da kindirmo suna ba da ɗanɗano mai daɗi amma kwaɓin ya kan yi kauri, tashin ya ragu. In su kaɗai gare ki, ki sirka da ruwa.

Fulawa ta zama ta alkama zalla, wadda a kanti ake ce wa farin, ba wadda aka riga aka zuba wa hodar kumburi ba. Ki tankaɗe ta da rariya, saboda gudaji da kuma ƙwarin da ke shiga fulawar da ta kwana biyu a buhu. Masu son ɗanɗanon gero suna iya maye kashi ɗaya cikin huɗu da lallausan garin gero. Fiye da haka fanken ba zai tashi ba, don gero ba shi da danƙon da zai riƙe tururi.

Maiko kuma, bota, wato ber, ta fi ƙamshi. Soyayyen man shanu ya fi ta jure zafi, kuma a ganinmu ya fi dacewa da fur ɗin gaz mai ƙona ƙasa. Sai dai in na zaƙi za ki yi, ki soya man shanun ba albasa. Margarin na roba yana da ruwa da yawa, yana fantsama, ga shi fanken ya kan manne. In shi za ki sa, ki haɗa rabi da man gyaɗa.

Kaskon da ya dace

Ana son kasko mai kauri, mai riƙe zafi, bangonsa ya kai tsawon santimita 4 zuwa 5 don fanken ya sami abin hawa. Na baƙin ƙarfe shi ne gaba. Kaskon sanholama mai kauri, irin wanda maƙeran kasuwar Katako ke zubawa, yana yi sosai. Abin da ba ya shiga fur shi ne duk kaskon da mariƙinsa roba ne ko katako: digiri 220 zai narkar da roba, ya cika gida da wari. Tiren kek na gwangwani yana yi in ba yadda za a yi, amma yana hucewa da wuri, sai an yi hanzari wajen zuba kwaɓin. Kwanon gilashi na fur yana buƙatar kula, don zuba abu mai sanyi cikin gilashi mai zafi na iya tsaga shi.

Zurfin kwaɓi a cikin kasko kada ya wuce santimita 1. In ya yi zurfi, gefe zai ƙone tsakiya tana ɗanya.

Yadda ake yi

Fara da kwaɓin, ba da fur ba, don yana son hutu. In ƙwai da madara daga firigo suka fito, ki jiƙa ƙwan da ɓawonsu cikin ruwa mai ɗumi na minti 10, madarar kuma ki ɗan ɗumama ta. Haka ma da safiyar hunturu. Kwaɓi mai sanyi yana kashe zafin kasko a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Ki kaɗa ƙwan da maburgi ko cokali mai yatsu na minti 1 cikakke, har fari da gwaiduwa su haɗe, kumfa ta taso. Ki zuba sukari, gishiri da kayan ƙamshi. Sai fulawa, da rabin madarar kawai. A nan mutane da yawa ke kuskure, su juye madarar duka, fulawa ta yi ta yawo cikin ruwa tana gudaji. In kwaɓin yana da ɗan kauri maburgi yana murƙushe gudajin cikin sauƙi. Bayan ya yi sumul sai ki ƙara sauran madarar. Mai miksa ta zuba komai, ruwa-ruwan a ƙasa fulawa a sama, ta kunna na daƙiƙa 30. Kaurin da ake nema kamar na kunu marar kauri ne: in kin tsoma cokali zai shafe bayansa, amma yana zuba tsiririri ba yankewa. Idan ƴan gudaji sun rage, ki tace da rariya.

Ki rufe kwanon, ki bar shi minti 20 zuwa 30. A wannan hutun fulawa ke shan ruwa, danƙonta ya saki, fanken ya fi tashi. Ana iya kwaɓawa da dare a sa firigo, da safe a fito da shi minti 30 kafin gashi. Amma in ana yawan ɗauke wuta a unguwarku kada ki yi haka. Ɗanyen ƙwai da madara ba sa kwana cikin firigon da ya mutu, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, ko a kan tebur kada kwaɓin ya wuce awa 1.

Yana hutawa ki kunna fur a digiri 220. In maɓallin naki lambobi ne daga 1 zuwa 10 irin na Faransa, kowace lamba digiri 30 ce, don haka ki sa tsakanin 7 da 8. A awon gaz na Ingila lamba 7 ce. Wanda ba shi da komai sai ƙaramar wuta da babba, ki sa babba. Wajen kunna fur ɗin gaz, ki buɗe ƙofar, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki murɗa gaz. In bai kama ba ki kashe, ki bar ƙofar a buɗe warin ya fita kafin ki sake gwadawa. Ki sa ragar a tsakiya, ki cire ta sama gaba ɗaya, don fanken yana iya wuce bakin kasko da santimita da yawa, in ya tarar da raga zai manne mata. Ki sa kaskon ciki ba komai, ya yi zafi tare da fur na minti 20. Fitilar fur ɗin lantarki ta kan mutu tun kafin nan, amma iska ce kawai ta yi zafi, ƙarfen bai kai ba.

Yanzu sai hanzari. Ki sake kaɗa kwaɓin sau biyu uku, don fulawa ta kan kwanta ƙasa, ki ajiye shi kusa da hannu. Da busasshen tsumma mai kauri ki fito da kaskon, ki rufe ƙofar nan take. Jiƙaƙƙen tsumma yana ƙona hannu, don ruwansa na komawa tururi. Ki jefa botar. Ya kamata ki ji cuuu, ta yi kumfa ta narke cikin ƙasa da minti 1. In ta zauna tana narkewa a hankali, kaskon bai yi ba, ki mayar da shi. Ki karkata kaskon man ya shafi bango ko'ina. Da kumfar ta fara lafawa, ƙamshi ya tashi, ki juye kwaɓin duka a tsakiya lokaci guda. Kada ki motsa. Man zai taru a gefe, wani ya hau sama, haka ake so. Ki mayar fur, ki rufe.

Minti 15 na farko ba a buɗe ƙofa ko da wasa. In akwai gilashi ki leƙa ta nan. Minti 5 na farko kamar ba abin da ke faruwa. Wajen minti 8 zuwa 10 gefen zai fara miƙewa yana lanƙwasa, tsakiya ta yi tudu nan kwari can. Daga minti 15 launi ke zuwa. Ya nuna idan gefen ya yi ja sosai kamar ɓawon burodi, tsakiya ta daina sheƙin ruwa, in an girgiza kasko ba ta rawa. Yawanci minti 18 zuwa 20 ne. In kina shakka ki ƙara minti 2. Wanda ya ɗan yi ja da yawa ya fi wanda aka cire da wuri.

Da kin fito da shi ki yafa tsumma kan mariƙin ki bar shi a nan, don mariƙin yana riƙe zafi ya daɗe, kuma yara ba su san haka ba. Cikin minti 1 ko 2 fanken zai sauka. Wannan ba lalacewa ba ce: tururi ne ya huce. Gefen da ya gasu da kyau zai tsaya, tsakiya ta zauna ta zama kamar akushi mai jiran abin da za a zuba.

In ya ƙi yi

Idan ya fito shimfiɗe kamar tabarma, ki fara tuhumar zafi: fur bai kai ba, ko kasko ya huce kafin a zuba, ko an buɗe ƙofa. Robar bakin ƙofar fur in ta tsufa tana sakin zafi. Ki kai hannu kusa da gefen ƙofar, in kin ji iska mai zafi na fita, ki ƙara lamba ɗaya. Tukunyar gaz da ta kusa ƙarewa ma tana rage ƙarfin wuta. In zafi ya yi daidai amma ya fito da nauyi, fulawa ce ta yi yawa.

Idan ya tashi da kyau amma ya rushe gaba ɗaya, har gefen ya kwanta, cikinsa dama-dama, an cire da wuri ne. Ƙwan bai gama daskarewa ba.

Ƙonewar ƙasa matsalar fur ɗin gaz ce, don wutarsa daga ƙasa take. Ki ɗaga ragar mataki ɗaya, ki sa tire ba komai a ragar ƙasa ya tare harshen wutar. A ƙaramin fur na lantarki kuwa sama ce ke ƙonewa, saboda sandar wuta tana kusa: ki sa ragar ƙasa-ƙasa, ki rage zuwa digiri 200, ki yi kwaɓin ƙwai 2. Baƙin ɗigo-ɗigo da ɗaci a ƙasan fanke alamar bota ce da ta ƙone, an bar ta ta daɗe a kasko kafin a zuba kwaɓi.

Mannewa daga ƙarancin mai ne ko bangon da ba a shafe ba. Ƙarnin ƙwai kuwa, banil ko gyaɗar ƙamshi ko kankaren bayan lemun tsami suna kashe shi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, fur ɗin ne bai zauna daidai ba ko zafinsa ya fi yawa a baya. Ba ya hana ci, kuma kada ki buɗe ƙofa don ki juya kaskon.

Sai ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. In ya riga ya wuce minti 12, kada ki buɗe, ki bar shi minti 8 zuwa 10 cikin zafin da ya rage. In bai kai ba, ki ɗora kaskon kan gaz da ƙaramar wuta, ki rufe da murfi har tsakiya ta daskare. Ba zai yi tsawo ba, amma zai ciwu.

Gidan da ba fur

Ana yin sa da gawayi, wuta sama wuta ƙasa. Ki sami tukunyar sanholama mai kauri, mai faɗin gindi, da murfin ƙarfe da zai ɗauki garwashi. Dabarar zuba yashi da ake yi wa kek ba ta aiki a nan, don yashi yana sassauta zafi, shi kuwa wannan zafi mai ƙarfi yake so tun farko. Ki hura gawayi har ya zama jan garwashi ba hayaƙi. Ki ɗora tukunyar ta yi zafi, murfin ma ki jera masa garwashi ya yi zafi daban. Ki zuba mai, ki juye kwaɓi, ki rufe. Kashi biyu cikin uku na garwashin ya kasance a sama, kashi ɗaya a ƙasa. In kin bar wuta da yawa a ƙasa, gindin zai yi baƙi tun sama ba ta san an fara ba. Bayan minti 10 ki juya tukunyar rabin zagaye ba tare da kin ɗaga murfi ba. A minti 20 ki kakkaɓe tokar bakin murfin, ki ɗaga a hankali ki duba.

Abin da ake zuba masa

Ana ci da zafinsa, don in ya huce ƙamas-ƙamas ɗin ya tafi. Shayi ya riga ya sauka, mutanen gida sun zauna, sannan a fito da shi. Yadda masu shi suka fi ci shi ne a matsa lemun tsami a barbaɗa lallausan sukari. In ba ki da lallausan, ki daka na gida a turmi. Zuma tana tafiya da shi. Lokacin mangwaro ki yanka nunanne ki cika tsakiyar, ki ɗiga kindirmo. Dabino da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa cikin madara mai ɗumi ma ya yi. Duk ƴaƴan itace masu ruwa bayan gashi ake sa su, in aka zuba cikin kwaɓi nauyinsu da ruwansu suna danne shi.

Na gishiri ya fi ƙosarwa, kuma shi ne zai fi shiga ran maigidan da ba ya son zaƙi da safe. Ki cire sukari da banil, ki ƙara gishiri zuwa rabin ƙaramin cokali, da ɗan masoro. Ki soya albasar Galmi guda ɗaya a wani kaskon daban har ta yi laushi ta fara ja. Bayan fanken ya fito ki zuba ta a tsakiya, ki marmasa kilishi a kai, ki barbaɗa yaji. Mutanen Tawa da ke da cuku a gida su daka kaɗan su yayyafa, yana tafiya da albasar ƙwarai.

In gida da yawa ne, ki ninka komai: ƙwai 6, madara mililita 240, fulawa giram 130, bota giram 80, a tire mai kusurwa huɗu na santimita 23 da 33, minti 22 zuwa 25. Kada ki juye ninkin cikin kaskon santimita 25. In tire ɗaya bai isa ba, gara ki gasa sau biyu, ki mayar da tiren cikin fur minti 5 ya sake yin zafi kafin zubi na biyu.